Ƙanwata ta ce mini ta gaji da rayuwa

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Don Allah a sakaya sunana.

Maganar ƙanwata ce ta hana ni barci. Shekararta 17, ni ce babbar yayarta, ina aure a nan Kano. Mahaifinmu ya rasu bara, kuma bayan Umma ta fita takaba kuɗin haya ya gagara, suka koma gidan Baffanmu. Bana yarinyar ta rubuta JAMB da burin karanta aikin jinya, sai ta ci 158 cikin 400. 'Yar Baffa, sa'arta, ta haura 200. Tun daga nan ba a raba ta da gori a gidan: ita ce daƙiƙiya, ita ce mai cin abinci a banza. Ni abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ta yarda da maganarsu. Yarinyar da Baba ke kira Likita, yau da bakinta take cewa ba ta da amfanin komai.

Ta daina zuwa Islamiyya, abinci sai an matsa mata, dare kuma idonta biyu. Kayan kwalliyarta ma ta rabar wa ƙawaye. Da ta zo mini kwana na zaunar da ita, ta yi kuka sosai, ta ce: “Yaya, da ma ni na mutu Baba ya rayu. Idan ba na nan kowa zai huta.” Na tambaye ta ko tana tunanin kashe kanta, ta ce tunanin yana zuwar mata, musamman da dare. Sannan ta haɗa ni da Allah kada in gaya wa Umma, wai hawan jininta zai tashi.

Na riƙe ta a wurina da sunan tana taya ni aiki, na kulle magungunan gidan, ba na barin ta ita kaɗai. Amma maigidana ya fara tambayar yaushe za ta koma.

Umma ta lura da ramarta, ta ce shafar aljanu ce, a yi ruƙiyya. Ban ƙi addu'a ba, kullum muna yi. Sai dai wata maƙwabciya da ta yi mata wa'azin azabar wanda ya kashe kansa, yarinyar ƙara rufe bakinta ta yi, ta ce ashe har wurin Allah ita mai laifi ce.

Ina so likita ya gan ta. Amma kin san garin nan, da an ji an kai budurwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau an gama yi mata suna, har maganar aurenta sai ta shafa. Ga tsoron hukuma, tunda sashe na 231 na dokar Penal Code ya tanadi ɗauri har na shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, duk da an sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023.

Anti, in saɓa alƙawarin da na yi mata in gaya wa Umma? Idan zan faɗa, da wane lafazi, yadda yarinyar ba za ta ga na ci amanarta ta daina gaya mini komai ba? Kuma a babban asibiti, wane sashe zan nufa da ita, me zan ce musu? Don Allah ki taimaka ki amsa mini da wuri.

Taki,
Yayar marainiya, daga Kano