Ɗan Tsakon da Ba Ya Iya Tsalle

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini.

Duk sanda aka ɗauko zancen gem a wajenmu, abu biyu ake hange, wato ƙwallon ƙafa da harbe-harbe, daga nan sai a yanke hukunci. Ban zo jayayya a kan waɗannan ba. Akwai wani jinsin gem da ba a cika ambatonsa ba, kuma shi ma ana yi masa gurguwar fahimta, amma ta wata fuskar. Uba zai ga hoton ɗan tsako rawaya mai dara-daran idanu, ya ce ai wannan na yara ne, ya miƙa wa ɗan shekara biyar. Yaron ya haye matakan farko, ya zo wani wuri ya cije, ya fashe da kuka, a goge gem ɗin. Alhali mai furfura ma yana iya kwana a kan mataki guda. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Sunan gem ɗin Toki Tori, kuma ina so in bayyana yadda ake bi da shi, domin wanda ya gane dabarar wannan ya gane ta sauran 'yan'uwansa.

Wani ƙaramin kamfani na ƙasar Holan mai suna Two Tribes ne ya ƙera shi, kamfanin Capcom ya fitar da shi a 2001 a kan na'urar hannu ta Game Boy Color. Tushensa wani tsohon gem ne, Eggbert, wanda aka yi wa kwamfutar MSX2 a 1994. Fitowar farko ba ta yi sa'ar kasuwa ba, don a shekarar ce Game Boy Advance ta shigo, hankalin masu saye ya koma can. An sake gina shi a 2008 domin na'urar gem ta Wii, ya zo iPhone a 2009, ya zo kwamfuta ta dandalin sayar da gem na Steam a 2010, sannan na'urar gem ta Switch a 2018. Na Steam ɗin yana da matakai 80 a duniyoyi huɗu: daji, tsohuwar fada mai fatalwowi, magudanar ƙarƙashin ƙasa, da ƙarƙashin ruwa. A kan sabon ginin zan yi magana.

Aikin ɗaya ne a kowane mataki, a tattara duk ƙwayayen da aka warwatsa. Amma ɗan tsakon nan ba ya tsalle. Wanda ya saba da Mario zai ta latsa maɓalli yana jiran a yi sama, ba za a yi ba. Yana tafiya hagu da dama, yana hawa tsani, yana taka ɗan ƙaramin tudu, kuma yana faɗowa daga kowane irin tsayi ba tare da ya ji ciwo ba. Wannan na ƙarshen shi ne tarkon. Tun da faɗuwa ba ta kisa, sai mutum ya ɗauka kyauta ce. Sauka kyauta ce, hawa kuwa sai da tsani ko da kayan aiki, kuma kayan aikin a ƙirge suke. Filin wasan a rarrabe yake gida-gida kamar dara, saboda haka komai yana ƙirguwa: faɗin rami gida nawa ne, kaurin bango gida nawa ne.

A farkon kowane mataki ana ba ka kaya da adadinsu a rubuce. Wani lokaci a sake maka ɗaya ba iyaka, amma galibi abin da aka ba ka shi ne daidai abin da hanyar take ci, ba rara. Akwai gada, wadda ake shimfiɗawa gida ɗaya a gabanka idan kana bakin rami. Akwai Telewarp, wanda ni nake kira layar zana: ka ɓace a nan ka ɓulla a can, sama ko ƙasa, hagu ko dama, ko da bango a tsakani. Sai dai nisansa a yanke yake, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kuma dole inda za ka ɓulla ya zama fili. Akwai bindigar ƙanƙara mai daskarar da abokin gaba. A fada akwai tarkon fatalwa da abin matsar da tubali, a magudana akwai abin zuƙe dodon-koɗi, a ruwa kuma akwai rigar kumfa mai ɗaga ka sama na ɗan ƙayyadadden motsi kafin iskarta ta ƙare.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne ɗaukar kowane kaya a kan sunansa. Bindigar ƙanƙara ta isa misali. Sabon shiga yana ganin dabba mai ƙaya ta nufo shi sai ya harba, don a sauran gem haka ake yi. To a nan wanda ka daskarar ba ya gushewa. Ya zama dunƙulen ƙanƙara, ya zauna daram a gidan da ka same shi har ƙarshen matakin. Idan a ƙuntataccen lungu ka harbe shi, ka gina wa kanka bango ke nan, ga shi ba ka tsalle. Idan kuwa ka yi haƙuri ya shiga wani ɗan rami sannan ka harba, ya cike maka ramin, ka taka ta kansa ka wuce, ka adana gada guda. Saboda haka bindigar kayan gini ce, abokin gaban kuma bulo ne mai tafiya da ƙafarsa. Sirrin yana ga gidan da yake tsaye a lokacin da ka latsa. A duniyar ruwa abin ya ƙara juyewa, don kifin da aka daskarar sama yake tasowa, sai ka duba abin da ke bisa kansa kafin ka harba.

Haka tarkon fatalwa. Ana ɗana shi a daɓe, fatalwa ta taka, daɓen ya rufta da ita. Mai gaggawa murna yake ya rabu da fatalwa. Sau da yawa kuwa ramin da ta bari shi ne abin nema, don ta nan za ka sauka hawa na ƙasa. Idan ka ɗana shi gida ɗaya gaba ko baya da inda ya kamata, ramin zai zuba ka inda ba ƙwai, fatalwar kuma ta riga ta tafi, babu mai sake haƙa maka wani.

Gada ma ba ta da amana yadda ake zato. Ba a ɗauke ta bayan an shimfiɗa. Ta haɗa maka gaɓa biyu, gaskiya ne, amma ta kuma rufe ramin, kuma wataƙila ta ramin nan kake buƙatar sauka daga baya. Sannan ba kai kaɗai ke takawa ba. Dabbar da rami ya tsare a wancan gefe, yanzu ka buɗe mata hanya zuwa inda kake.

To yaya ake yi? Kafin a ɗaga ƙafa, a dubi matakin gaba ɗayansa, gem ɗin ya ba da damar haka, kuma sabon ginin ba shi da agogon da ke korar mutum irin na 2001. A ƙirga ƙwai, a ƙirga kaya. Sai a nemo wuraren da in an shiga ba a fita, kamar ramin da ba tsani. Ga muhimmin abu a nan: mataki yana ƙarewa ne da zarar ka taɓa ƙwan ƙarshe, ba a neman ka komo gida. Don haka wurin da ba fita sau ɗaya tak ya halatta a shige shi, a ƙarshe. Idan ka ga ƙwai ɗaya a irin wannan wuri, to kusan ka san na ƙarshe. Idan ka ga biyu a ramuka biyu daban, to ɗayansu zai ci maka layar zana, ka ware ta tun yanzu, kada ka taɓa ta a wani wuri. Daga ƙwan ƙarshe sai a yi lissafi da baya-baya: kafin in faɗa nan daga ina zan taho, can ɗin kuma me ya kai ni.

Bari in ƙaddara wani mataki don a ga yadda abin yake. Ɗan tsako yana hawan sama ta hagu. An ba ka gada biyu, laya ɗaya, harsashin ƙanƙara ɗaya. Ƙwai uku ne. Na farko yana hawan da kake, amma da rami mai faɗin gida biyu a tsakaninku, kuma bayan ƙwan akwai tsani mai sauka hawan tsakiya. Na biyu yana can ƙasan ramin da ke gabanka, kana hango shi, ba tsani. Na uku yana hawan tsakiya a cikin wani ɗaki da bango ya rufe, da dabba mai ƙaya tana kai da komo a lungun da ke kaiwa ga bangon, kuma a daɓen ɗakin akwai kafa mai zubawa cikin ramin nan na ƙasa.

Yawancin mutane ramin za su fara faɗawa, don ƙwansa ya fi kusa kuma bai ci komai ba. Sun samu ƙwai ɗaya. Yanzu fita sai da laya, in ma nisanta ya kai. Sun fita, sun shimfiɗa gada, sun ɗauki na sama, sun sauka tsakiya, sun tarar da bango, laya kuma ta ƙare. Minti biyar suna wasa a matakin da ya riga ya mutu tun motsin farko, kuma gem ɗin ba zai gaya musu ba. Ɗan tsakon yana nan lafiya lau yana ƙifta ido.

Hanyar da ta dace ita ce a shimfiɗa gadojin biyu, a ɗauki na sama. Ka lura ka rufe bakin ramin da hannunka, amma ba damuwa, don lissafi ya nuna akwai wata mashiga ta ɗakin. A sauko tsani amma a dakata a kansa, a bar dabbar ta wuce gindin tsanin zuwa ɗaya gefen, sannan a sauka a harbe ta a can, yadda ƙanƙarar za ta kasance a bayanka. Idan ka harbe ta tsakaninka da bangon, ka toshe lungun. A je jikin bango, a yi laya zuwa cikin ɗakin, a ɗauki ƙwai, a faɗa ta kafar daɓe a kan na ƙarshe. Kaya huɗu, kowanne ya tafi inda aka yi shi dominsa, ba saura.

Wannan rashin saura ma alama ce da ake karantawa. Idan ka zana hanyarka a ka, ta kai ka ƙarshe amma gada ɗaya ta rage, kada ka yi saurin murna. Mai yiwuwa ka gano gajeriyar hanya, amma abin da ya fi yawa shi ne akwai ramin da ka ƙirga ba daidai ba. Haka idan an ba ka kayan da ka kasa ganin amfaninsa, tsaya a kansa, yawanci nan mabuɗin matakin yake.

Na kwamfuta yana da maɓallin mayar da lokaci baya. Rahama ce ga wanda yatsansa ya zame ko ya yi harbi da wuri. Amma yana koya wa mutum wata muguwar ɗabi'a, ta gwada wannan a koma, a gwada wancan a koma. Kuskuren da ya kashe matakin galibi yana can farko, mai komawa taku uku-uku kuwa yana ta gyaran reshe ne. Idan ka mayar sau uku a wuri guda ba ka wuce ba, sake matakin daga tushe, ka tambayi kanka wane kaya ne da yana hannunka yanzu da ka wuce, sannan ka nemo inda ka kashe shi. Akwai kuma kati guda na tsallake mataki, wanda ba ya dawowa hannunka sai ka koma ka warware wanda ka tsallake. Kada a ƙona shi a daji. Magudana da ruwa suna gaba.

Wannan salo na motsin da ba ya warwaruwa tsoho ne. Gem ɗin Sokoban na Japan, na 1982, a kan wannan salon aka gina shi, inda ake tura akwati ba a janyowa, in ya shiga kusurwa shi ke nan. Wanda kuma ya iya dara ya san zafin ajiye ɗa a gidan da zai toshe masa jeri nan gaba. Bambancin Toki Tori kawai shi ne ya lulluɓe abin da zane mai taushi da kiɗa mai daɗi. A kula kuma kada a rikita shi da Toki Tori 2 na 2013. Wancan ba shi da ƙirgaggun kaya, fito da baki da buga ƙasa kaɗai ɗan tsakon yake yi, tsarinsa daban ne.

Ga iyaye da malamai, yaron da ya iya ƙirge da karatun lamba zai iya matakan farko na daji shi kaɗai. Daga nan yana buƙatar babba a gefe, da takarda mai layin murabba'i irin ta littafin lissafi da fensir. A zana hawa-hawan, a sa ɗigo a gurbin kowane ƙwai, a ja kibiya a duk inda sauka ba ta da hawa, a rubuta kayan a gefe ana soke su ɗaya-ɗaya. Kada babba ya karɓe na'urar ya yi masa. Ya tambaye shi kawai: in ka faɗa nan, ta ina za ka fito? Mataki biyu ko uku a zama ɗaya ya isa, don bayan haka kai ya gaji, sai a koma latse-latse.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne a shafin yara ko na kimiyya a riƙa buga irin wannan zane sau ɗaya a mako: fili mai gida goma a tsaye goma a kwance, ƙwai uku ko huɗu, da adadin gada da laya a ƙasa, amsa kuma ta fito a bugu na gaba. Ba ya buƙatar waya, ko caji, ko data.

Na gode da wannan fili. A huta lafiya.

Naku,
Mai karatu daga Zariya