Damina a teku take farawa

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon fili in yi tsokaci kan ruwan da muke jira kowace shekara. Manomi sama yake kallo, amma labarin damina a teku yake farawa. Rana ta fi dukan tsakiyar duniya, sai teku da iska su kwashi zafin su kai shi arewa da kudu. Idan bazara ta gasa Sahara, iska mai ɗauke da tururin Tekun Gini takan kutso kan tudu. Tururin ya zama hadari, ya saki zafin da ya ɗauko, ruwa ya zuba. Da hunturu kuwa iskar juyawa take yi.

Farin 1973 da na 1984, waɗanda iyayenmu ba sa mantawa, masana sun danganta su da sanyin arewacin Tekun Atilantika bisa kudancinsa, abin da ya sa hadari ya maƙale a kudu. Yanzu kuma teku na shanye kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarin zafin duniya. Gaskiya abin na damuna.

Don Allah ku riƙa buga hasashen shekara na NiMet, wato hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, da Hausa tun kafin shuka.

Mai karatunku daga Gumel