Wasiƙa daga Tehran zuwa ga Bashir

Assalamu alaikum Malam Bashir,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Ka tambaye ni ko ƙiba gado ce, da abin da malaman nan Iran suka gano a kai. To, akwai gado a ciki, amma bai kai yadda kake zato ba.

Tun 1999 masana a Jami'ar Kimiyyar Likitanci ta Shahid Beheshti, ƙarƙashin Farfesa Fereidoun Azizi, suke bibiyar mutum kusan 15,000 mazauna gunduma ta 13 a Tehran, suna auna nauyinsu da sukari da kitsen jininsu. Daga baya aka shiga duba ƙwayoyin gadonsu. Wadda ta fi shan bincike ita ce FTO, wadda aka danganta da ƙiba a 2007. A binciken Turai, wanda ya gaji nau'inta mai sa ƙiba ta uwa da ta uba duka, yakan ɗara wanda bai gaji nau'in ba sam da kimanin kilo 3. Kilo 3 fa, Bashir!

A Iran kuwa bakin masu bincike bai zo ɗaya ba. Wasu sun ga alaƙar, wasu ba su gani ba. Ni ban yi mamaki ba. Mu daga nesa muna cewa "Iraniyawa" kamar tsatsonsu ɗaya, alhali akwai Farisawa, Azarawa, Kurdawa, Lurawa, Baluchawa, Larabawa da Turkumawa. Da shirin Iranome, mai tattara bayanan gadon Iraniyawa, ya duba mutum 800 daga ƙabilu 8, sai ga dubban bambance-bambancen gado da babu su a kundin da duniya ke dogara da shi. Ga kuma auren zumunci, kamar namu, wanda kan fito da cututtukan gado da ba a cika gani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, gadonsu bai canja ba cikin shekara 40, amma ƙiba ta ƙaru, musamman ga mata. Jama'a sun kwararo birni, mota ta maye gurbin ƙafa, ga farar shinkafa da burodi, ga shayin da ake kurɓa da ƙwayar sukari a baki.

Don haka ka daina ɗora wa marigayi Baba laifin tumbinka, Allah ya jiƙansa. Ka je a auna maka sukari kafin azumi, ka turo min sakamakon.

Ka gaida Maman Amina da yara.

Naka,
Sani