Lemon tukunya a lokacin hunturu: a daina ɗora wa sanyi laifi

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aiki. Don Allah a ɗan sammin fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan uwa masu karanta jaridar nan da ke zaune a ƙasashen da ake zabga sanyi na gaske, irin wanda ruwa ke daskarewa a waje, musamman masu ajiye lemo a tukunya, na tsami ne ko na zaƙi ko tanjirin. Duk shekara da zarar Disamba ta kama sai ka fara jin kuka iri ɗaya, wai bishiyata ta kakkaɓe ganye, wai sanyi ya kashe min ita, alhali bishiyar nan tun Oktoba take cikin falo ko raɓa bata taɓa ta ba. Toh wane sanyi kuma? Ni dai abin da na lura da shi a wannan harka, yawancin lemon da ke mutuwa a ɗaka mai shi ne ya kashe shi da hidima, ruwa kan ruwa, taki kan taki, sannan a jawo shi gindin hita wai an tausaya masa.

Lemo asalinsa ɗan kudu maso gabashin Asiya ne, can gindin tsaunukan Himalaya, wajajen arewa maso gabashin Indiya da Myanmar da lardin Yunnan na ƙasar Sin, kuma ba ya cikin bishiyoyin da ke zubar da ganye su yi barci in sanyi ya zo irin su tuffa. Shi da ganyensa yake kwana yake tashi duk shekara, kuma muddin ganye na jikinsa yana fitar da ruwa, wannan ruwan kuwa saiwa ce za ta biya shi. Nan matsalar take, domin saiwar lemo in zafin ƙasar tukunya ya sauka ƙasa da digiri 13 a ma'aunin Salshiyos kusan tsayawa take cak, bata sha bata girma, ko da ka cika tukunyar da ruwa fal.

Yanzu duba yadda yawancinmu ke yi. An ajiye tukunya a ƙasa kan tayil, jikin taga, da dare sanyin gilashi da na tayil sun shige ta ƙasar ciki ta yi sanyi ƙalau, gari na wayewa an kunna hita, rana ta ɗan leƙo ta gilashi ta bugi ganye ya ɗumame ya fara fitar da ruwa, ita kuwa saiwa tana can ƙasa a sandare bata san ma gari ya waye ba. Kamar mutum ne kansa a rana ƙafafunsa cikin ƙanƙara. Bishiya bata da wata dabara illa ta rage ganye, shi yasa zaka ga ganyen da ke faɗuwa shar yake kore bai ko yi ɗorawa ba, kuma in ka matsa kusa ka duba reshen sau da yawa zaka tarar faifan ganyen ne kawai ya faɗi, ɗan kararsa yana nan maƙale a jiki. In ka ga haka kada ka ɗauko butar ban ruwa. Amma ina, mutum na ganin ganye a ƙasa sai ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, ruwan ya kwanta tunda ba mai shan sa, saiwa ta fara ruɓewa, ganye ya ƙara zuba, ya ƙara ruwa har da taki, garin neman gira a rasa ido.

Hanya biyu ce kawai ni na sani mai ɓullewa, kuma sai ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Ko dai ka bar bishiyar gaba ɗayanta cikin sanyi-sanyi, sama da ƙasa, a wuri mai haske da ba a kunna hita, inda zafi ke tsakanin digiri 5 zuwa 12, kamar baranda mai gilashi ko gefen matakala mai taga, a nan komai nata zai lafa, ruwa kaɗan take so taki kuwa babu, har sanyi ya wuce. Ko kuma ka ajiye ta a ɗaki mai ɗumi amma ka biya ta haƙƙin ɗumin, wato haske mai ƙarfi da saiwa mai ɗumi. Abin da ke kashewa shi ne tsaka-tsaki, ɗaki da zafi ga duhu ga tukunya da sanyi.

Hanyar farkon ba sabon abu bace. A fadar Versailles ta Faransa akwai gidan lemo da Jules Hardouin-Mansart ya gina wa Sarki Louis na 14 tsakanin 1684 da 1686, katanga mai kauri har mita 4 zuwa 5, manyan tagogi masu gilashi biyu suna kallon kudu, kuma dabarar duka ita ce kada cikinsa ya sauka ƙasa da digiri 5. Har gobe bishiyoyi sama da 1,000 ake shigarwa can cikin akwatunan katako wajen Oktoba a fito da su a Mayu. Mutanen da suka kashe wannan uban kuɗi basu nemi su mai da wurin ya zama bazara ba, daskarewa kawai suka tare.

Wanda kuma bashi da irin wannan wuri sai falo, toh ya fara ɗaga tukunyar daga ƙasa, a ɗora ta kan katako ko ɗan benci, a ɗan janye ta daga gilashi da dare, kada kuma a saki labule a bar ta tsakanin labule da taga domin nan ne sanyi ke taruwa. A nesanta ta da hita da bakin ƙofar da ake yawan buɗewa. In da hali a sayi ɗan ma'aunin zafi a soka shi cikin ƙasar tukunyar, wallahi zaka sha mamakin bambancinsa da na ɗakin. Sai haske, a arewacin duniya tagar da ke kallon kudu ita ce gaba, amma ko ita sau da yawa bata isa, birni kamar Landan ranar 21 ga Disamba hasken yini bai cika awa 8 ba, shi ma rabinsa gajimare ne, ga gilashi na cin nasa kason. Ƙwan LED na shuka shi ne mafita, awa 10 zuwa 12 a rana, a haɗa shi da taima, wato na'urar da ke kunna shi da kashe shi da kanta, don kada a dogara da tunawa, kuma a rataye shi kusa da saman bishiyar, wanda ke can jikin silin ado ne kawai. A riƙa goge ƙurar ganye da ɗanyen tsumma.

Maganar ruwa kuwa a manta da kalanda, babu wani duk Juma'a ko duk Lahadi. Ka soka yatsa kamar santimita 5, in ka ji danshi ka tafi abinka. Ni na fi yarda da ɗaga tukunya, ka ɗaga ta ranar da ka bata ruwa ka ji nauyinta, in ta bushe hannunka da kansa zai faɗa maka. In lokaci yayi a bata sosai har ya fito ta ramin ƙasa, ruwan ya zama mai ɗan ɗumi, banda wanda ya fito daga famfo yana ƙanƙarar haƙori, bayan ɗan lokaci a zubar da wanda ya taru a faranti. Tsakuwar nan da ake zubawa a gindin tukunya wai don ruwa ya wuce ni ban ga amfaninta ba, rami mai kyau da ƙasa mai sakin ruwa su ne magana. Kuma ba a hunturu ake sauya tukunya ba, a bari sai ta fara sabon toho.

Ganye in ya yi ɗorawa shi ma yana da karatu. Tsohon ganye ya koɗe gaba ɗaya, yawanci naitirojin ne ya gaza. Tsohon ganye ya yi ɗorawa gefe da gefe ya bar kore mai tsini a gindinsa, maganiziyam ne. Sabon ganye ya fito fari-fari jijiyoyinsa kore, sinadarin ƙarfe ne baya isa gare shi, sai dai a hunturu sau tari ba wai babu shi a ƙasar bane, saiwar ce ta yi sanyi ko ta jiƙe ta kasa ɗauka, ko kuma ruwan famfon yana da yawan farar ƙasa irin mai barin fari a cikin butar shayi, shi kuwa lemo ƙasa mai ɗan tsami yake so. Don haka kafin ka zuba taki ka gyara ɗumi da ruwa tukuna, in kana samun ruwan sama ka tara masa.

Sai ƙwari, su kam hita abokiyarsu ce don tana busar da iskar ɗaki. Ka riƙa juya ganye kana duba bayansa duk mako. In ka ga ɗigo-ɗigon fari a saman ganye da 'yar saƙa siririya a hammatar reshe, wasu mitsi-mitsin ƙwari ne dangin gizo-gizo, ka kai bishiyar banɗaki ka rufe bakin tukunya da leda ka wanke ta da shawa sama da ƙasa. In kuma ka taka tayil ka ji yana danƙo, ko ganye na ƙyalli kamar an shafa masa suga, darɓa ce, ka bi jijiyar tsakiyar ganye da jikin reshe zaka ga wasu 'yan ƙuraje ruwan ƙasa a manne da ake kankarewa da farce, ko wasu farare kamar auduga. Auduga da sifirit na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, sannan feshin man darbejiya da ɗan sabulu, a maimaita mako-mako domin ƙananan basa mutuwa a tashi ɗaya.

Ga mai shirin saye, ba kowane lemo ke haƙuri da ɗaka ba. Lemon Meyer, wanda wani mai binciken tsirrai, Frank Meyer, ya ɗauko daga wajen Beijing ya kai Amurka a 1908, yana da daɗin sha'ani a tukunya ko da yake shi ma akwai saurin fushi da zubar da ganye. Kalamansi na Filifin ya fi kowa juriya a ganina, kumkwat kuma ya fi su ɗaukar sanyi. Ƙaramin lemon tsami mai siririn ɓawo shi ne rago, kada a kai shi wuri mai sanyi sosai. A sayi mai aure, wato wanda aka haɗa reshen wani lemo a kan gindin wani, domin wanda aka shuka daga ƙwallo sai ya share shekaru bai yi huda ba, kuma duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren a cire shi, musamman in ganyensa uku-uku ne, na gindin ne zai shanye ƙarfin na saman. In ta yi huda a ɗaka ta zubar da mafi yawa kada hankali ya tashi, haka lemo yake ko a gona.

Wanda kuma tasa ta riga ta zama sanda, kada ya yi saurin kai ta bola. Ka ɗan kankari ɓawon reshe da farce, in ka ga kore a ciki tana da rai. A rage ruwa sosai tunda babu ganyen da zai sha, a ɗumama gindin, a ba ta haske, kada a sa almakashi sai wajen Maris ko Afrilu lokacin da toho zai nuna maka inda ya mutu da inda ke raye. Ranar fitarwa waje ma sai an tabbatar daskarewar dare ta wuce, a fara da inuwa mako ɗaya ko biyu kafin a kai ta rana, ganyen da ya saba da ɗaka yini ɗaya rana za ta ƙona shi.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Mai karatu daga ƙasar sanyi