A daina yi wa ɗaliban China kuɗin goro

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aiki.

Ina so in tofa albarkacin bakina kan maganar ɗaliban China da ke jami'o'in Amurka, tun da sakataren harkokin wajen Amurka Marco Rubio ya ce a watan Mayun 2025 za su riƙa soke musu biza ake ta cece-kuce, wasu har cewa suke duk 'yan leƙen asiri ne. To ni gaskiya ban yarda ba.

Eh akwai haɗari, ba na musu. An kama Ji Chaoqun wanda ya yi karatu a Chicago yana tattara wa hukumar leƙen asirin ƙasarsu bayanan injiniyoyi, aka ɗaure shi shekara 8 a 2023, kuma dokar China ta 2017 ta wajabta wa ɗan ƙasa ya taimaka wa jami'an leƙen asiri in sun nema. Don haka a sa ido kan masu binciken makamai da jirage da kwakwalwar kwamfuta, wannan daidai ne.

Amma fa ɗalibai kusan 277,000 ake magana a 2023/24, yawancinsu cikakken kuɗin makaranta suke biya, da kuɗinsu ake riƙe wasu sassan jami'a, ga masu digirin digirgir da su ne ke kwana a ɗakin gwaje-gwaje. Shirin China Initiative da gwamnatin Amurka ta fara a 2018 don farautar masu yi wa China leƙen asiri me ya haifar? An kama Farfesa Gang Chen na jami'ar MIT a 2021, bayan shekara ɗaya gwamnati da kanta ta janye ƙarar, shirin ma aka rufe shi a 2022, amma tsoro ya riga ya shiga zukata, ƙwararru da dama suka tattara nasu-ya-nasu suka koma gida. Mu ma ai mun ɗanɗana, bayan yunƙurin Abdulmutallab na tayar da bam a jirgin sama mai zuwa Amurka a 2009 duk mai koren fasfo sai da ya sha bincike a filin jirgi.

Abin ma da ya fi ba ni mamaki sun manta da Qian Xuesen, masanin roka na jami'ar Caltech a Amurka, suka zarge shi da kwaminisanci a 1950, suka tsare shi a gida, a 1955 ya koma China, shi ne fa ya jagoranci gina musu makamai masu linzami. Da hannunsu suka miƙa shi.

Don Allah ku gayyato masani a shirinku na gaba ya yi mana bayanin yadda Ingila take tantance masu karatun fannoni masu haɗari da takardar ATAS.

Naku mai sauraro a kullum,
daga Fagge, Kano