A Koya Wa Ɗalibanmu Riƙon Kasuwanci A Ƙetaren Iyaka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin shugabannin jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha na Arewa, musamman masu kula da sassan nazarin kasuwanci, a kan wani giɓi da ya daɗe yana damuna. Kowace shekara ana yaye ɗimbin matasa da digiri a fannin gudanar da kasuwanci, amma da wuya ka sami wanda aka shirya shi ya riƙe reshen kamfani a Maraɗi ko Garwa ko Kwatano, ko ya shugabanci ma'aikatan da ba harshensu ɗaya da shi ba, ba kuma tarbiyyarsu ɗaya ba. Ana koyar da su kamar a Jibiya da Maigatari ciniki yake ƙarewa, alhali duk wanda ya taɓa shiga Dawanau ko Kantin Kwari ya san cewa kaso mai tsoka na masu sayen kayanmu daga ƙetaren iyaka suke zuwa.

Lamarin ya ƙara zama dole tun da Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a birnin Yamai cikin Yulin 2019, aka kuma buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairun 2021. Ga kuma layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi. Yarjejeniya tana iya rage kuɗin fito, jirgin ƙasa yana iya rage wahalar sufuri, amma mutumin da zai zauna da jami'an kwastan na wata ƙasa, ya karanta takardar kwangila, ya ɗauki ma'aikata, ya sasanta rikicinsu, sai an horar da shi.

Mu fara da maƙwabtanmu huɗu, wato Nijar da Benin da Chadi da Kamaru. Dukkansu suna cikin ƙasashe 17 da suka haɗa dokokin kasuwancinsu a ƙarƙashin tsarin OHADA, wanda aka kafa a 1993, kuma babbar kotunsa tana Abijan. Yadda ake yi wa kamfani rajista, da yadda ake karɓar jingina, da yadda ake bin bashi, har ma da yadda akawu yake tsara littafin lissafi, duk sun sha bamban da tsarin da muka gada daga Ingila. Kuɗin sefa da suke kashewa a ɗaure yake da yuro a kan farashi guda, saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi lissafin riba yakan birkice a gefe ɗaya kawai. Sefar ma iri biyu ce: wadda ake kashewa a Nijar da Benin daban take da ta Chadi da Kamaru, kowace da babban bankinta. Ɗalibi nawa ne a ajin ƙarshe zai iya bayyana waɗannan abubuwa?

Wani zai ce ai mu da Nijar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya ta haɗa mu. Gaskiya ne, kuma nan ne ma haɗarin yake, domin sabo yakan sa mutum ya saki jiki. Na ga wani matashi mai digiri da maigidansa ya tura ya kula da sayen wake a Maraɗi. Hausa yake ji, Hausa ake yi masa, amma da aka ce masa dala ashirin bai san sefa ɗari ake nufi ba, da aka miƙo masa rasit sai ya tarar da Faransanci ne, kuma inda ya saba ganin waƙafi a tsakanin lambobi sai ya ga ɗigo ko fili. Da saɓani ya taso tsakaninsa da masu dako, sai ya ɗaga murya a gaban jama'a ya ce zai kori shugabansu, bai san cewa ta hannun wannan dattijon kowane buhu yake hawa mota ba. Kayan suka kwana a ƙasa har sai da wani tsohon dillali ya shiga tsakani. Yaron ba wawa ba ne; abin da ba a koya masa ba ne ya kā da shi.

Haka abin yake idan aka juya shi. A masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa akwai manajoji 'yan Indiya da Sin da Labanan da suke shugabantar 'ya'yanmu. Ma'aikaci Bahaushe yana sunkuyar da kai idan babba yana yi masa magana, domin haka aka tarbiyyantar da shi, sai baƙon ya ɗauka rashin gaskiya ne ya hana shi haɗa ido. Ya nemi izinin zuwa jana'izar maƙwabci, manajan ya duba takarda ya ga ba ɗan'uwa na jini ba ne, ya hana, daga nan gaba ta ƙullu. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, don haka ana bukatar jami'in kula da ma'aikata wanda ya fahimci ɓangarorin biyu, wanda zai tsara lokutan aiki da sallar Juma'a da watan azumi a zuciyarsa, ya kuma fahimtar da ma'aikata dalilin da ya sa injin da aka kunna ba ya jiran kowa. Wannan ilimi ne da ake karantawa, kuma manyan makarantun kasuwanci na duniya sun daɗe da mayar da shi darasi na musamman.

Sai dai ban goyi bayan a kwaso littattafan waje a juye wa ɗalibai yadda suke ba. Binciken da aka fi dogaro da shi a wannan fanni shi ne na Geert Hofstede, ɗan ƙasar Holan, wanda ya tattara bayanai daga ma'aikatan kamfanin IBM tsakanin 1967 da 1973. Aiki ne mai amfani, amma a cikinsa an haɗa Najeriya da Ghana da Saliyo wuri ɗaya an kira su Afirka ta Yamma. Ma'aunin da bai bambance Kano da Kumasi ba, balle Kano da Anaca, ba zai wadatar da wanda zai yi aiki a tsakaninsu ba. A karantar da shi, a nuna iyakarsa, sannan a ɗora namu a kai.

Namun kuwa yana da yawa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, sayen goro suna ratsa ƙasashen ƙabilu masu yawa, kuma suna da tsari: madugu yana jan ayari yana sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito, fatoma yana saukar da baƙi a zango, ya adana musu kaya, ya tsaya musu a kan bashi, dillali yana haɗa mai saye da mai sayarwa yana yin tafinta. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, a wannan makarantar ya tashi kafin ya shiga cinikin gyaɗa da kamfanonin Turawa. Har gobe da irin wannan tsari na maigida da amana ake cinikin shanu da goro a unguwar Sabo ta Ibadan da zangunan Ghana. Na zamani ma suna nan: kamfanin simintin Ɗangote ya kafa masana'antu a Habasha da Senegal da Zambiya da Tanzaniya da Kamaru, kuma kowace ƙasa ta zo masa da irin nata ƙalubalen. Akwai darasi a rufe shagunan 'yan Najeriya da aka yi a Ghana a 2019 da 2020, wanda tushensa dokar zuba jari ta 2013 ce da ta wajabta wa baƙon ɗan kasuwa jarin dalar Amurka miliyan ɗaya. Akwai darasi a rufe iyakokinmu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da ficewar ƙasar daga ECOWAS a Janairun 2025. Waɗanda abin ya shafa suna raye, suna nan cikin kasuwanninmu, ba wanda ya zauna da su ya rubuta yadda suka yi suka tsira ko suka karye.

Saboda haka ina kira ga Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote da ke Jami'ar Bayero, da takwarorinta na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da su mayar da Faransancin kasuwanci darasi na dole ga ɗaliban wannan fanni, su kuma buɗe ƙofar Larabci da Sinanci ga mai so. Muna da Ƙauyen Faransanci a Badagiri wanda ɗaliban harshe suke zuwa, ban ga abin da zai hana ɗaliban kasuwanci su ma su je ba. A ƙulla musayar ɗalibai da jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Yamai, ta yadda yaro zai yi zango ɗaya na karatu a can, ya yi aikin sanin makama a hannun ɗan kasuwar can. Attajiranmu na Dawanau da Kwari da Singa su ma su buɗe wa malamai ƙofa, su yarda a rubuta tarihin cinikinsu ko da za a sakaya suna, su kuma ɗauki nauyin wannan bincike, domin su ne za su fara cin moriyar yaran da za a horar.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naku,
Wani mai karatunku daga Kano