Labarin idon Baba

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya Legas, ya iyali? Mu nan alhamdu lillahi, gero ya shiga rumbu, saura dawa.

Ka tambayi labarin idon Baba. Mun je Kano, amma raina a ɓace na dawo.

Buhun riɗi na sayar muka yi guzuri. Ana idar da sallar asuba muka hau mota a Ringim, muka bi ta Gezawa, muka sauka 'Yankaba. Ƙarfe 8 mun yanki kati a asibiti, ba a kira mu ba sai bayan azahar. Baba ko koko ya ƙi sha, wai kada a ce yau za a yi aikin a tarar ya ci abinci. Ya riga ya sa a ransa yanar ido ce, irin wadda aka cire wa Kawu bara, ga shi yanzu har zare yake zura wa allura.

Da muka shiga, Baba ya rusuna ya ce wa likita "ranka ya daɗe", yaron da a haife ya haife shi. Da ka ya amsa. Ya ɗora haɓar Baba a kan na'ura, ya haska masa fitila, ya juya yana ta Turanci da wani ɗalibi kamar babu mu a ɗakin. Sai ya miƙo takarda: "Ba yana ba ce, hawan jinin ido ne. A riƙa ɗiga wannan, ku dawo bayan wata 3." Kafin in haɗa tambayata an kira na gaba. Wallahi ba mu yi minti 5 ba.

Wata nas ce, Allah ya saka mata da alheri, ta ga na tsaya sororo a baranda ta yi min bayani. Ta ce ruwan cikin ido ne ba ya fita yadda ya kamata, sai ya yi ta danne jijiyar gani. Awon mai lafiya ba ya wuce 21, na Baba 34. Ta gefe yake fara cin gani, shi ya sa yake karo da ƙofar zaure muna cewa tsufa ne. Abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin saura yake tsarewa, kuma ba a daina ɗigawa. Ta ce ciwon yana bin jini, mu 'ya'yansa mu je a auna mu.

Ban ce likitan bai san aikinsa ba, kuma na ga layin da ke jiransa. Amma wannan maganar daga bakinsa ya kamata dattijo ya ji ta. Yanzu ni aka bar wa. Kullum da safe in ina ɗiga masa sai ya ce, "Yaushe suka ce za a yi aikin?" Har yau na kasa faɗa masa.

Zan turo maka hoton kwalbar, ka tambayo min kuɗinta a can. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka,
amininka na gida